Yaron da Waya Ta Kama: Mai Laifi Ne ko Majinyaci?



Wata Lahadi bayan Misa ta biyu, muna tsaye a ƙofar coci muna gaisawa da jama'a, sai wata uwa daga cikin Zumuntar Mata ta jira har kowa ya watse. Ta matso, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wayar hannu ta miƙo mana. Ta ce, "Fada, ku riƙe wannan abin a wurinku, ko ku jefa shi cikin rijiya. Ya cinye mini ɗa."

Ɗan nata shekararsa 16. A da yana cikin yaran da ke hidima a bagade, ba ya fashin Misa. Yanzu ba ya barci sai goshin asuba, ba ya zama cin tuwo tare da 'yan'uwansa, sakamakonsa na makaranta kuma ya zube. Mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi duka, ya ƙwace wayar har sau uku. Da aka ƙwace ta karo na huɗu, yaron ya shiga ɗaki ya kulle, kwana biyu bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki, abin da ya gaya wa ƙanwarsa shi ne da ma ba a haife shi ba.

Uwar ta share hawaye ta ce, "Fada, taurin kai ne, ko asiri aka yi masa, ko kuwa ciwo ne?"

Tambayar nan ba tata ba ce ita kaɗai. Ta gidaje da yawa ce a cikin wannan dayosis, amsar da muka ba ta kuwa ita ce za ta nuna ko bulala za mu ɗauka, ko ruwa mai tsarki, ko kuɗin mota zuwa asibiti. Saboda haka bari mu dube ta a tsanake.

Kalmar "jaraba"

Harshenmu ya riga mu hango matsalar. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu. Idan Shaiɗan ya gitta wa mutum abin sha'awa, muna cewa jaraba ce, muna roƙon Allah ya kiyaye mu daga gare ta. Idan kuma mutum ya kasa rabuwa da taba ko goro ko caca, muna cewa jaraba ta kama shi. A ta farko mutum yana tsaye a mararraba, zaɓi yana hannunsa. A ta biyu ya riga ya yi nisa a hanya, komowa ta yi masa wuya. Daga ta farko ake zarcewa zuwa ta biyu, ba tare da mutum ya san ranar da ya ƙetare iyaka ba.

Ba yau aka fara ba. Waliyyi Agustin, a littafin da ya rubuta game da rayuwarsa wajen shekara ta 400, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, saurayi mai hankali, ɗan garinsu Tagaste, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Alifiyus ya tafi Roma karatun shari'a. Wata rana abokai suka ja shi da ƙarfi zuwa filin da ake sa mutane su yi faɗa da takobi har mutuwa don 'yan kallo su more. Ya ƙi, suka rinjaye shi, sai ya ƙudurta zai zauna idonsa a rufe. Da wani mayaƙi ya faɗi, filin ya ɗauki ihu, Alifiyus ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru. Daga ranar nan kallon ya kama shi, har ya zama shi ke gaba wajen jan waɗansu. Agustin ya kwatanta irin wannan hali da sarƙa wadda mutum yake ƙera wa kansa zobe bayan zobe, har ya kai inda yake son ya daina amma ya kasa.

Abin lura biyu ne. Alifiyus ba ɗan iska ba ne, yaron kirki ne wanda ya amince da ƙarfin kansa fiye da kima. Sa'an nan labarinsa bai ƙare a filin nan ba, gama daga baya shi ne ya zama bishop na Tagaste.

Yadda aka ɗana tarkon

Bambancin Alifiyus da 'ya'yanmu shi ne, shi sai ya taka da ƙafa zuwa filin kallo, su kuwa filin yana cikin aljihunsu, yana kwana tare da su a kan tabarma. Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. Duk yaron da yau yake sakandare bai taɓa sanin duniyar da babu ita ba.

Ya kamata iyaye su san cewa abin da ke cikin wayar nan da gangan aka tsara shi don ya riƙe mutum. Kamfanonin shafukan sada zumunta daga talla suke samun kuɗi, yawan lokacin da ido ya yi a kan allo kuwa shi ne yawan ribarsu. Tun a shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya nuna ta gwaji da tantabaru cewa idan tsaba tana zubowa wani lokaci, wani lokaci kuma ba ta zubowa, tsuntsu ya fi nacewa da saran maɓalli fiye da idan kullum yana samu. A kan wannan ƙa'ida injin caca yake aiki. A kanta ne kuma yatsa yake ta jan hotuna sama, ko na gaba zai fi daɗi. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai yawan ja a shekarar 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa waɗansu 'yan mata ƙin jikinsu.

A ɗaya gefen kuma ga yaro. Masana sun tabbatar cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako yana taka wa sha'awa birki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Sashen da ke son yabo da karɓuwa a wurin tsara kuwa tun farkon balaga yake ci kamar wutar daji. Ashe kokawa ce tsakanin ɗan shekara 16 da dubban injiniyoyi da ake biya don su hana shi ajiye wayar.

Hukumomi sun fara farga. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Alamunta uku ne: mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi bisa sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba da shi ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci har tsawon wata 12. A watan Mayu na 2023 Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Dakta Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a shafukan sada zumunta haɗarin alamun ciwon damuwa da fargaba ya ninka a kansu. A shekarar 2024 majalisar Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a irin waɗannan shafuka.

Nauyin laifi

To, yaron nan mai laifi ne? Koyarwar Ikkilisiya a kan wannan a bayyane take. Kafin zunubi ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: abin ya kasance babba, mutum ya san sarai mugunta ce, ya kuma yarda da cikakken nufinsa. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a shekarar 1992, ya koyar cewa rashin sani, da tsoro, da al'adar da ta yi kanta, da matsalolin tunani suna iya rage nauyin laifin mutum, wani lokaci ma su ɗauke shi. Haka kuma ya koyar game da wanda ya ɗauki ran kansa cikin tsananin ciwon ƙwaƙwalwa ko ƙunci, cewa laifinsa yana iya raguwa, kuma Ikkilisiya tana yi masa addu'a.

Wani dattijo zai ce, "Fada, in haka ne kun ba yara lasisin lalacewa. Kowane malalaci zai ce ciwo ne." Maganar tana da nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Ba kowane yaro mai yawan danna waya ne majinyaci ba. Da yawa iyaka kawai suke bukata, da uba mai cewa a'a. Ko wanda jaraba ta kama ma, idan muka gaya masa ba shi da hannu cikin halin da yake ciki, mun gaya masa ke nan ba shi da hannu cikin fita, wannan kuwa raini ne ga mutum da aka halitta da hankali da nufi.

Amsarmu ita ce: 'yancin yaron ya ƙuntata, amma bai mutu ba. Yana kama da wanda ya karye a ƙafa. Ba a dukansa don ya kasa gudu, ba a kuma barinsa kwance har abada. Ɗori ake yi masa, a ba shi sanda, a riƙe shi ya taka. Aikinmu shi ne mu faɗaɗa ɗan 'yancin da ya rage masa har ya iya ajiye wayar da hannunsa. Ƙwace tana fitar da waya daga hannu, amma ba ta koya wa hannun saki. Shi ya sa mahaifin yaron nan ya ƙwace sau huɗu ba tare da ya ci nasara ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar da ba mu so: namu laifin fa? Wa ya saya wa yaron wayar? Da yawa cikinmu mun saya ne domin mu san inda yake, domin kuma ya zauna a gida, tun da rashin tsaro ya kashe dandali, ya kashe wasan langa da gaɗa a farin wata. Da aka rufe makarantu saboda annobar korona a shekarar 2020, mu ne muka ce su yi karatu a waya. Kaka da ke yin tatsuniya tana ƙauye. Baba kuwa in ya dawo, shi ma kansa a sunkuye yake a kan tasa wayar har tuwo ya huce. Mun toshe wa ruwa hanyoyinsa duka, muna mamakin inda ya bi.

Abin da wayar ke rufewa

Bayan kwana uku yaron ya zo gidan Fada, bisa roƙon mahaifiyarsa. Da izininsa da na iyayensa muke ba da wannan labari. Ba mu tambaye shi game da waya ba. Muka ce, "Ɗana, yaushe rabon da ka ji daɗin zuwa coci?" Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya amsa.

Yana da in'ina tun yana ƙarami. Wata takwas kafin wannan rana aka sa shi karatu a Misar matasa, harshensa ya sarƙe a kan wata kalma, wani daga cikin tsaransa ya ɗauki bidiyon, ya tura cikin zaurensu na waya. Kafin dare 'yan ajinsu duka sun gani, suna kwaikwayonsa. Daga nan ya daina hidimar bagade, ya daina ɗaga hannu a aji. Ya sami wani wasa da ake yi da mutane daga ƙasashe daban-daban, inda da yatsu ake magana. Ya ce, "Fada, a can ba wanda ya san ina in'ina. A can ni ne shugaba."

A cikin cocinmu aka ji masa ciwon, wata takwas kuma babu ɗayanmu da ya tambayi dalilin da ya sa ya ɓace daga bagade.

Masana suna muhawara a kan wanne ne ke zuwa da fari, wato ko waya ce ke kawo damuwa, ko mai damuwa ne ke fakewa da waya. A rayuwar yaro ɗaya sau da yawa duka biyun gaskiya ne, suna ciyar da juna. Baƙin ciki yana hana shi barci, ya ɗauki waya. Waya ta cinye sauran barcin, alhali ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Rashin barci ya ƙara baƙin cikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kisan kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke rayukan matasa a duniya. Ku ƙirga yaran da ke ajin katikisim a cocinku, ku raba bakwai.

Ga alamun da bai kamata a bari su wuce mako biyu ba tare da an nemi taimako ba: yaro ya daina abin da yake so a da, ya guji mutane, cinsa ko barcinsa ya canza ƙwarai, ya yawaita fushi ko kuka ba dalili, ya riƙa cewa shi ba shi da amfani. Idan kuwa ya ambaci mutuwa, ko kuka ga yanka a jikinsa, wannan ba na jiran gobe ba ne. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwari da na feshin gona da sauran ƙwayoyi, a kai shi asibiti a ranar. Ku sani kuma akwai miyagu da ke yaudarar yara su aiko da hoton tsiraici, sa'an nan su nemi kuɗi da barazanar tona asiri. Ya kamata ɗanku ya ji daga bakinku tun yau cewa in haka ta same shi, ya zo gare ku, ba za ku kore shi ba.

Addu'a da asibiti

Waɗansu suna ganin kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa rashin bangaskiya ne, ko kuma tona asirin gida. Mu tuna da annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya ya yi magana da shi, ya kuma ba shi abokin aiki, wato Elisha. Wanda ya halicci rai shi ya halicci jiki, kuma ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta. Ba mu taɓa jin wanda ya ƙi kai ɗansa mai zazzaɓin cizon sauro asibiti don yana da carbi ba. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti. Amma ɗaure yaro da mari, ko dukansa da sunan fitar da aljani, zalunci ne, ko a wane gidan addu'a aka yi shi.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen kula da irin wannan ciwo a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano. Gaskiya ne likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200. Wannan ne ya sa aikin gida da na coci yake da nauyi. Tun a shekarar 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya gane cewa mutuminmu a cikin danginsa yake warkewa.

Abin da ya rage gare mu

Ya ku iyaye, ku fara da tambaya kafin hukunci. Ku zauna kusa da yaro ku ce ya nuna muku abin da yake kallo, ku saurara har ya gama. Sa'an nan ku kafa doka tare da shi, dokar da za ta hau kan kowa: ba waya a wurin cin abinci, kuma da ƙarfe tara na dare duk wayoyin gida su kwana a falo, ta Baba ce farko. Yaro yana karɓar dokar da ya ga mai yin ta yana bi. Kada kuma ku bar gurbi a buɗe. Awannin da kuka karɓa daga waya ku mayar masa da wani abu: ƙwallo, koyon sana'a, kiwo, ƙungiyar mawaƙa, ko tafiya gona tare da ku.

Ya ku katikis da shugabannin matasa da Zumuntar Mata da ta Maza, Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya rasu a shekarar 1888, ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya. Ya gina tarbiyyarsa a kan hankali da addini da ƙauna, yana kuma shiga filin wasa tare da yaran. Harabar cocinmu tana kulle daga Litinin zuwa Asabar, alhali yaranmu ba su da wurin zuwa. Mu buɗe ta da yamma, babba yana wurin. Kowace ƙungiya ta riƙe sunayen yaranta, wanda aka yi Lahadi biyu ba a gani ba a je gidansu. A kuma koya wa yara cewa ɗaukar bidiyon wani don a yi masa dariya, da tura shi gaba, zunubi ne da ake kai wa ikirari.

Ya ku matasa, ba mu ce waya mugun abu ce ba. Carlo Acutis, ɗan Italiya da ya rasu a shekarar 2006 yana da shekara 15, gwanin kwamfuta ne, yana kuma son wasannin bidiyo. Mahaifiyarsa ta shaida cewa shi da kansa ya yanka wa kansa awa ɗaya a mako. A ranar 7 ga Satumba, 2025 Paparoma Leo na 14 ya sanar da shi waliyyi. Idan kun gwada dainawa kun kasa, wannan ba abin kunya ba ne. Ku gaya wa babba guda ɗaya da kuka amince da shi. In bai saurara ba, ku gaya wa na biyu.

Yaron da muka fara da labarinsa yana ganin likita sau ɗaya a wata. Wanda ya ɗauki bidiyon ya zo da mahaifinsa ya nemi gafara. Wayar ba ta shiga rijiya ba, tana kwana a falo kusa da ta mahaifinsa. Akwai daren da yakan tashi ya ɗauko ta, da safe ya faɗa da bakinsa. Bai koma karatu a gaban jama'a ba tukuna, ba mu kuma matsa masa ba. Amma Lahadin da ta wuce shi ne ya riƙe gicciye a gaban jerin shiga Misa.

Kafin Lahadi mai zuwa, bari kowannenmu ya tuna da yaro ɗaya da ya daina gani a coci ko a ƙofar gida, ya je ya tambaye shi lafiya.

Allah ya kiyaye 'ya'yanmu, ya ba mu kunnen saurare da haƙurin jira. Amin.